Amsoshin Wasiƙunku: Kalmomin Turanci Masu Baki Biyu

 Barkanmu da sake saduwa a wannan fili da muke buga amsoshin da aka bayar a rediyo, domin wanda aikin gona ko cin kasuwa ya hana shi saurare ya karanta da kansa, ko kuwa a karanta masa.

A wannan mako wasiƙu biyu ne suka zo mana da tambaya kusan iri ɗaya, saboda haka muka ga ya dace mu haɗa su mu amsa gaba ɗaya.

Ta farko ta fito ne daga hannun wani manomi a yankin Funtuwa. Ya ce ɗansa ya kawo takardar sakamakon jarrabawa, malamin ajinsu ya rubuta masa kalmar "outstanding", aka fassara masa cewa yabo ne, yaron ya yi fice. Ba a daɗe ba sai ga takarda game da rancen takin da ya karɓa, ita ma ɗauke da wannan kalma, ga kuma adadin kuɗi a gabanta. Ya ɗauka yaba masa ake yi, ashe ragowar bashin da ake binsa ake tuna masa. Shi ne yake tambaya, yaya za a yi kalma ɗaya ta zama yabo a hannun ɗa, ta zama bashi a hannun uba?

Ta biyu kuwa daga wani ɗan kasuwar hatsi ce a Jibiya. Ya ce shi dai ya san "sanction" da ma'anar takunkumi, sai kuma ya ji an ce idan banki ya yi "sanction" na rance, to ya amince ke nan. Yana so a raba masa gardama, hani ne ko izini?

To Malam da Alhaji, mun gode da waɗannan tambayoyi. Amsa a taƙaice ita ce, duk fassarorin da aka yi muku daidai ne. Akwai kalmomi da dama a Turanci waɗanda kowacce take ɗauke da ma'ana biyu masu saɓa wa juna. Masana harshe suna kiransu kalmomin Janus, wato sunan wani gunki na Rumawan dā da ake sassaƙa shi da fuska biyu, ɗaya na duban gaba ɗaya na duban baya. Daga sunan wannan gunki ne ma aka samo sunan watan Janairu. Kuma ba haka kawai kalmomin suka wayi gari da baki biyu ba, kowacce da hanyar da ta biyo. Bari mu ɗauki hanyoyin ɗaya bayan ɗaya.

Hanya ta farko: kalmomi biyu da suka narke suka zama ɗaya

Kafin mu shiga, ya kamata a san cewa Turanci harshe ne na gamin gambiza. Wajen shekara ta 450 wasu ƙabilu daga arewacin Jamus da ƙasar Denmak suka ƙetara teku suka zauna a Ingila, harshensu ne tushen Turanci. Daga shekarar 793 mayaƙan ruwa daga Denmak da Norwe suka shiga kai hare-hare, daga baya suka zauna a arewa da gabashin ƙasar, suka zuba nasu kalmomin. A 1066 kuma Sarki Wiliyam na Nomandi, wani yanki na Faransa, ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na kotu har wajen shekara 300. Ga kuma harshen Latin na coci da na malamai. Tukunyar da aka zuba wa kayan miya daga gidaje huɗu, ai dole a sami abin da ya haɗu da wani ya saje.

Misali, kalmar "clip". A ofis tana nufin maƙale takardu wuri ɗaya da ɗan ƙarfen nan. A shagon aski kuwa tana nufin yankewa, daga nan ne ma muka samo sunan kilifa. Haɗawa da rabawa ke nan. Dalili shi ne asalinsu kalmomi biyu ne. Ta haɗawa tsohuwar kalmar Turanci ce mai nufin runguma. Ta yankewa kuwa mutanen Denmak da Norwe ne suka zo da ita, ma'anarta sausaye da almakashi. Yau da gobe lafazinsu ya zama ɗaya, rubutunsu ma haka.

Haka zalika "cleave", tana nufin tsaga abu gida biyu kamar yadda ake faskara itace, tana kuma nufin manne wa abu ƙam. Su ma kalmomi biyu ne a tsohon Turanci. Jamusanci, wanda ɗan'uwan Turanci ne, ya riƙe su a rarrabe: "kleben" mannewa, "klieben" tsagawa, ko da yake ta biyun ta tsufa.

Sai "let". Kowane ɗan firamare ya san ma'anarta ƙyalewa ko ba da dama. Amma akwai wata tsohuwar "let" mai nufin tarewa ko kawo cikas, 'yar'uwar kalmar "late" ce, wato makara. Ta kusa ɓacewa, sai dai har yanzu tana cikin fasfon Ingila da na wasu ƙasashe rainonta, a wurin da ake roƙon hukumomi su bar mai fasfon ya wuce ba tare da tsangwama ba.

Mu ma idan muka rubuta "fari" da boko, ba ka sanin launi ake nufi ko rashin ruwan sama sai ka duba sauran maganar. Amma mu a baki karin sauti yana raba su. Turanci ba shi da irin wannan karin sauti, saboda haka idan kalmomi biyu suka haɗu, sun haɗu ke nan.

Hanya ta biyu: tushe ɗaya, rassa biyu

Nan ne amsar tambayoyinku take. A wannan hanya kalmar guda ce tun asali, sai ma'anarta ta yi rassa, wani reshe ya nufi gabas wani ya nufi yamma.

Alhaji na Jibiya, "sanction" daga Latin take, daga wata kalma mai nufin tsarkake abu ko tabbatar da shi ya zama doka wadda ba a taɓawa. To ita doka ai kaifi biyu gare ta. Tana halatta wa wanda ya bi ta, tana hukunta wanda ya karya ta. Reshe ɗaya ya riƙe ma'anar sa hannun hukuma, wato amincewa, shi ne na banki. Ɗaya reshen ya riƙe ma'anar horo. Ma'anar takunkumin da ƙasashe ke ƙaƙaba wa wata ƙasa ta bazu ne a ƙarni na 20. A 1935 ƙungiyar ƙasashen duniya wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa Italiya irin wannan takunkumi saboda ta mamaye Habasha. Irinsa ne kuma ƙungiyar ECOWAS ta sa wa Nijar a ƙarshen watan Yulin 2023 bayan juyin mulki, aka rufe iyaka, sai a watan Fabrairun 2024 aka ɗage. Ku mutanen bakin iyaka ba sai an ba ku labari ba. Masu sauraronmu na Maraɗi da Damagaram su ma su lura, a Faransanci ma wannan kalma baki biyu gare ta, don tushensu ɗaya.

Malam na Funtuwa, "outstanding" kalmomi biyu ne aka haɗa, "out" waje, "standing" tsayuwa. Wato abin da ya tsaya a fili ana ganinsa. Yaron da ya zarce 'yan ajinsu ya tsaya a fili kamar rimi a tsakiyar gona, shi ne yabon. A littafin bashi kuwa, duk wanda ya biya ana soke sunansa, wanda bai biya ba nasa yana nan tsaye ba a share ba. Shi ne bashin. Idan ka ga kalmar kusa da sunan mutum ko aikinsa, yabo ne. Idan ka gan ta kusa da adadin kuɗi, to sai a shirya biya.

Ga wata da 'yan kasuwar yadi da atamfa za su so ji, wato "fast". Kowa ya san ta da ma'anar sauri. Amma ma'anarta ta asali ita ce kafewa daram, ba motsi. Shi ya sa idan aka rubuta "fast colours" a jikin yadi, ba ana nufin launin zai yi saurin kodewa ba ne, ana nufin ya kama ƙam, ba ya zuba. Daga wannan tushe ne ma'anar azumi ta fito, wato riƙe doka da ƙarfi. Sauri kuwa ya biyo baya ne, daga faɗin mutum ya yi gudu da ƙarfi ba sassauci, har kalmar ta koma nufin saurin kansa. Saboda haka motar da ke sharara gudu da wadda ta kafe a taɓo, duk ana iya ambaton su da kalma guda.

Sai "oversight". Asalinta gani daga sama. Wanda ya hau tudu yana duban ma'aikata yana sa ido ke nan, shi ya sa ake kiran aikin binciken da 'yan majalisa ke yi wa ma'aikatu da wannan suna. Amma wanda idonsa ya bi ta saman abu ya tsallake shi, bai gan shi ba ke nan. Don haka kalmar tana nufin sa ido, tana kuma nufin kuskuren rashin lura.

"Left" ma haka take. Idan aka ce motar ta yi "left", ta tashi ke nan. Idan aka ce buhu biyu ne "left", su ne suka saura. Wannan kam ba baƙon abu ba ne a wurinmu, don muna cewa ya bar gari, muna kuma cewa ya bar buhu biyu. Duk mai tafiya akwai abin da ya bari.

Hanya ta uku: a sa ne ko a cire?

Manoma da dillalan amfanin gona, ku kasa kunne a nan. Bature yana da al'adar ɗaukar sunan abu ya mayar da shi aikatau, ba tare da ya nuna ko sa abin ake yi ko cire shi ba.

"Dust" ƙura ce. Idan mai shara ya yi "dust" na tebur, kakkaɓe ƙura ya yi. Idan malamin gona ya ce a yi "dust" na shuka ko na hatsin da za a adana, cewa ya yi a barbaɗa hodar magani. "Seed" iri ne. A yi "seed" na gona, a shuka iri ke nan. A yi "seed" na tumatir ko barkono a ɗakin girki, a cire 'ya'yan ke nan.

Wadda ta fi shafar aljihu ita ce "shell", wato ɓawo ko kwanso. A takardun ciniki, gyaɗar da aka kira "shelled" ita ce wadda aka ɓare, tsabarta. Wadda aka kira "unshelled" ita ce mai ɓawonta. Mutum zai iya ɗauka akasin haka ne, kuma ba za a ga laifinsa ba, tunda ƙwai mai taurin ɓawo ana ce masa "hard-shelled". Haka riɗin da aka kira "hulled" shi ne wanda aka cire wa fatarsa, dabinon da aka kira "pitted" shi ne wanda aka cire wa ƙwallo. Kowa ya san buhun tsaba da buhun mai ɓawo ba nauyinsu ɗaya ba, ba kuma kuɗinsu ɗaya ba. Wanda ya karɓi odar tan 10 bai tantance wannan ba, yana iya tafka asarar da za ta cinye masa jari.

Kusa da wannan akwai kalmomin haya, "rent" da "lease". Mai gona da ya ba da haya da wanda ya karɓa, duk kalma ɗaya suke amfani da ita. Kamar dai namu ne na aro da rance: ya ari fartanya, ya ara masa fartanya. Ƙananan kalmomin da ke biye ne ke nuna wa ya ba wa. Idan "to" ta biyo baya, bayarwa ce. Idan "from" ce, karɓa ce.

Hanya ta huɗu: ɗan guntun da ke gaban kalma

Wannan ita ce mafi hatsari, don tana iya jawo asarar rai. A Turanci idan aka liƙa "in" a farkon kalma, galibi tana kore ma'ana. "Correct" daidai, "incorrect" ba daidai ba. "Complete" cikakke, "incomplete" bai cika ba. Sai mutum ya ga an rubuta "inflammable" a jikin tankar mai, ko duro, ko gwangwanin maganin feshi, ya ce ai wannan ba ya kama wuta. A'a! Yana kamawa, nan da nan ma kuwa. Latin yana da "in" iri biyu, ɗaya ta korewa, ɗaya mai nufin shigarwa ciki. Ta biyun ce a nan, wato cusa abu cikin harshen wuta. Saboda wannan ruɗani ne tun cikin shekarun 1920 masu harkar rigakafin gobara a Amurka suka riƙa kira da a koma rubuta "flammable". Ku riƙe wannan da kyau: "flammable" da "inflammable" duk abu ɗaya ne, kada a kusance su da ashana, ko fitila, ko taba. Abin da ba ya kama wuta shi ne "non-flammable".

Haka nan "invaluable" ba ta nufin abin banza, tana nufin abin da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi. "Priceless" ma haka. Abin banza shi ne "worthless" ko "valueless".

Akwai kuma "bi", mai nufin biyu. Idan takardar rance ta ce za a riƙa biya "bimonthly", ana iya fahimtar sau biyu a wata, ana kuma iya fahimtar sau ɗaya a wata biyu. Ƙamusoshin Turawan kansu sun kawo ma'anonin duka biyu. A shekara guda, na farko biya 24 ne, na biyu kuwa biya 6. Ka ga ba ƙaramin bambanci ba ne.

Hanya ta biyar: nisan ƙasa da tsawon zamani

Turancin Ingila da na Amurka sun rabu tun da Turawa suka fara zama a can a farkon ƙarni na 17, kuma wasu kalmomi sun juya wa juna baya. A majalisar Ingila, da ƙasashen da suka gaji tsarinta, idan aka yi "table" na wata magana, an gabatar da ita ke nan don a tattauna. A Amurka kuwa an jingine ta ke nan sai wani jiƙon. Winston Churchill, firayim ministan Ingila a lokacin yaƙin duniya na biyu, ya ba da labari a littafinsa na tarihin yaƙin cewa hafsoshin Ingila da na Amurka sun taɓa doguwar gardama a kan wannan kalma, kafin su gane cewa abu ɗaya suke so duka.

Zamani ma yana juya kalma. "Awful" a dā tana nufin abu mai kwarjini da ke cika zuciya da tsoro da girmamawa, yau tana nufin mummuna. "Terrific" a dā abin firgita ce, yau yabo ce. "Nice" da ake faɗa wa abu mai kyau, asalinta kalmar Latin ce mai nufin jahili. Wannan ma muna da irinsa. Idan yaro ya ce rigar tana da bala'in kyau, ko abincin ya yi mugun daɗi, ai ba wanda zai ce zagi ya yi, alhali bala'i da mugunta ba abin so ba ne.

Kada kuma a ɗauka Turanci kaɗai ke da wannan hali. Malaman Larabci sun daɗe da sanin irin waɗannan kalmomi, suna kiransu "al-addad", wato kishiyoyi, har Ibnul Anbari, wanda ya rasu a shekara ta 328 bayan Hijira, ya wallafa littafi sukutum a kansu. Ɗaliban fiƙihu sun san kalmar "ƙur'u" a babin idda, wadda Malikawa da Shafi'awa suka fassara da tsarki, Hanafawa kuwa suka fassara da haila.

To mene ne abin yi?

Su Turawan ba su cika rikicewa ba, don ba kalmar kaɗai suke saurara ba, suna duban maƙwabtanta. Mu ma abin da ya kamace mu ke nan, musamman da yake da Turanci ake rubuta mana takardun banki, da na kotu, da na sayen fili, da bayanin da ke jikin maganin ƙwari.

Na farko, kada ka yanke hukunci a kan takarda don ka tsinci kalma ɗaya da ka sani a ciki. A karanta maka jimlar tun daga farko har ƙarshe. Alal misali, "sanctions" da aka ce an sa "on" ko "against" wani, horo ne. Rancen da aka ce an yi "sanction" nasa, an amince ne.

Na biyu, duk abin da ya shafi kuɗi da lokaci, ka nemi a rubuta shi da lambobi. Naira nawa, ranar nawa ga wane wata, sau nawa. Lamba ba ta da baki biyu.

Na uku, a cinikin amfanin gona kada a tsaya ga suna. A nuna samfur a hannu, a ce irin wannan ake so, a gaban shaidu.

Na huɗu, idan takardar mai nauyi ce, kamar ta jingina gona ko ta rance, ka kai wa mutum biyu daban-daban su fassara maka kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa. Idan fassararsu ta saɓa, to akwai wurin da ya kamata wanda ya rubuta ya yi bayani, kuma haƙƙinka ne ka tambaye shi. Ba abin kunya ba ne, tunda ga shi hafsoshin da aka haifa cikin harshen ma sun yi gardama a kan kalma guda. Matambayi dai ba ya ɓata.

Da fatan Malam na Funtuwa da Alhaji na Jibiya sun gamsu. Sauran masu sauraro da suka ci karo da wata kalma irin wannan a takarda, ko a jikin buhu, ko a kwalbar magani, su kwafo mana jimlar gaba ɗaya yadda take, kada su aiko da kalmar tsurarta, domin mu san wace fuskar ce ta juyo.